Baba ya dage sai ya taka daga Mina zuwa Arfa da ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya nufi iyayena da samun kujerar Makka bana, saura kamar wata huɗu a hau Arfa. Baba shekararsa 69, yana da ciwon suga da hawan jini, gwiwarsa ta dama kuma tana damunsa. Inna shekararta 61, tana da jiki, in ta hau bene sai ta tsaya tana haki. Abin da ya hana ni barci shi ne Baba ya dage ba zai shiga mota ba a kwanakin aikin Hajji. Daga Mina zuwa Arfa, zuwa Muzdalifa, ya dawo Mina, duk a ƙasa zai taka, wai kakansa da ƙafa ya je Makka ta Sudan. Alhali ko masallacin Juma'a a kan babur ake kai shi. Na yi magana ya ce in bar shi da Ubangijinsa. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kai su lafiya, Ya karɓi ibada, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Ki daina yi wa Baba musu a kan maganar tafiya. Ki ce masa kin yarda, amma a fara tun yanzu a gida. Ko ya shiga kowace mota da aka tanadar wa maniyyata, tafiyar ƙasa mai yawa tana jiransa, shi da Inna. Tsakanin Safa da Marwa sau bakwai kimanin kilomita 3 ne. Ɗawafi a filin ƙasa kusa da Ka'aba gajere ne, amma idan cunkoso ya sa aka tura mutane hawa na sama, zagaye bakwai kan kai kilomita 4 ko fiye. Mai Tamattu'i zai yi ɗawafi da sa'ayi na Umara, ya sake yin na Hajji, ga ɗawafin ban-kwana. Tantunan alhazanmu a Mina galibi suna nesa da wurin jifa, zuwa da dawowa kan cinye kilomita da dama, kuma kwana uku ko huɗu ake yi a jere. Akwai kuma daren Muzdalifa, inda mota kan maƙale a cunkoso har mutane su sauka su ƙarasa da ƙafa. Saboda haka horon da za a ba shi don burinsa shi ne dai horon da yake buƙata ko ya janye burin.

Abin da shi yake so ya ƙara a kan wannan ba kaɗan ba ne. Mina zuwa Arfa kimanin kilomita 14, Arfa zuwa Muzdalifa kusan 9, sannan wasu kilomitoci daga nan zuwa Jamratul Aƙaba, wurin jifa a Mina. Ra'ayinmu a fili yake: dattijo mai shekara 69, mai suga da hawan jini, bai kamata ya taka Mina zuwa Arfa da rana ba, ko da ya yi horo. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ne ba inuwa ba wurin hutawa. A 2025 har umarni aka bayar cewa alhazai su zauna cikin tantunansu a Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Tsayuwar Arfa ita ce Hajji. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a hanya zai iya wuni ana ƙara masa ruwa a gadon asibiti a lokacin da sauran alhazai ke ɗaga hannu suna roƙo.

Wannan maganar ba daga bakinki ya kamata ya ji ta ba. Ki nemi malamin da yake girmamawa, ko amininsa, ko yayansa in yana da rai. Malamin zai tuna masa hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi yana jan ƙafa, aka ce ya yi bakancen tafiya da ƙafa ne, sai ya ce Allah ba Ya buƙatar wannan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Shi kansa Manzon Allah a kan raƙumi ya je Arfa. Idan Baba ya riga ya furta abin da lafazin bakance, a gaya wa malamin lafazin daidai yadda ya faɗa, domin bakance yana da hukuncinsa daban.

Batun kakansa kuwa gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Mutanenmu sun bi ta Borno da Chadi, suka ratsa Darfur da Kordofan har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Amma shekaru suke yi a hanya. Suna tashi da asuba, su ya da zango in rana ta take, jakuna na ɗauke da kaya, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma damina ɗaya ko biyu, wasu ma a can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau. Ƙafar da ta isa Makka a wancan zamani ta daɗe tana taka ƙasa kafin ta isa. Da wannan za a ja hankalin Baba ya fara horo.

Kafin taku na farko, asibiti, su biyun. A auna masa suga na dogon zango, wanda ke nuna yadda yake cikin wata uku, a duba ƙoda da zuciya da idanu. A gaya wa likita ƙarara cewa zai yi doguwar tafiya cikin zafi, domin wasu magunguna sai an gyara. Allurar insulin da ƙwayoyi irin glibenclamide kan sa suga ya faɗi idan mutum ya yi tafiya bai ci abinci a kan lokaci ba, kuma a Mina abinci ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Maganin hawan jini mai sa yawan fitsari yana ƙara busar da jiki. Likita ne zai rage ko ya canza, ba Baba ba, ba kuma mai kemis ba. Hakin Inna ma kada a ɗauke shi nauyin jiki kawai. Yana iya zama ƙarancin jini ko zuciya, kuma an fi son a gano shi a Funtuwa. A gwajin lafiyar da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ke yi kada su ɓoye komai don tsoron rasa kujera. Allurar sanƙarau kuma a yi ta da wuri, aƙalla kwana 10 kafin tashi.

Lokacin da kuke da shi bai kai wata huɗu ba. Jiragen farko kan tashi kusan wata guda kafin Arfa, ga azumi a tsakiya. Abin da ke hannunku Sha'aban ne da Ramalan da Shawwal, sai a raba aikin a kansu.

A Sha'aban su fara da minti 15 zuwa 20 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, a hanya mai kyau kusa da gida. Kowane mako a ƙara minti biyar zuwa goma, har su kai minti 40 zuwa ƙarshen watan. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: in yana iya hira ko tasbihi yana tafiya, daidai ne, in magana ta gagara, a rage. Baba ya ɗan ci wani abu kafin ya fita, ya sa dabino a aljihu. A haɗa da motsa jiki iri biyu a tsakar gida. Na farko, ya zauna a kujera ya miƙe sau goma ba tare da dafa hannu ba, ya huta, ya sake, safe da yamma. Wannan ke ƙarfafa naman cinya da ke ɗauke wa gwiwa nauyi, kuma shi zai taimake shi wajen tashi daga katifar ƙasa da bayan gida na tsuguno. Na biyu, ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 20, ya canza, don kada ɗan turi a cikin jama'a ya kayar da shi.

A Ramalan ba a ƙari, riƙe abin da aka samu ake yi. Minti 30 bayan an sha ruwa an huta, ko a taka zuwa masallacin asham a dawo. Mai suga kada ya yi tafiyar motsa jiki da la'asar yana azumi, lokacin ne suga ya fi faɗuwa.

Shawwal ne watan aiki. Awa ɗaya kwana huɗu a mako, da doguwar tafiya ɗaya: kilomita 5 a makon farko, 7 a na biyu, 9 ko 10 a na uku. Dattijo kan yi kilomita 3 zuwa 4 a awa, don haka kilomita 10 awa uku ne da hutu. A auna nisan da babur tun kafin ranar, a kuma sa wani jika ko ƙane ya raka su da ruwa. Wasu ranakun a jinkirta fita zuwa hantsi domin jiki ya saba da gumi, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, amma ban da tsakar rana. Jin zafin bazara a zaune a zaure daban yake da tafiya a cikinsa.

A ƙarshen Shawwal a yi gwajin da za a yanke hukunci a kansa, kuma a amince da sharaɗin tun yau, gaban malamin. Kwana uku a jere, kilomita 10 kowace rana, da takalmin da zai yi harami da shi, da jakar da zai rataya. Kwana ɗaya ba ya nuna komai, domin gajiyar Hajji taruwa take yi, kuma a rana ta uku gwiwa ke faɗin gaskiya. In ya gama ba rauni a ƙafa, gwiwa ba ta kumbura ba, suga bai faɗi ba, to a nema masa wani yanki da zai taka cikin sanyi, kamar Muzdalifa zuwa Mina bayan asuba, tare da ayarinsu kuma da sanin jami'in alhazansu. In bai iya ba, ya gani da idonsa, ba ke kika hana shi ba. Duk ranar da ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, horo ya tsaya sai likita ya gan shi. Mako na ƙarshe kafin tashi a rage tafiyar zuwa rabi.

Ƙafar mai ciwon suga ita ce inda muka fi so ki sa ido. Suga kan kashe jijiyoyin tafin ƙafa a hankali, mutum ya taka abu mai zafi ko tsakuwa ta shiga takalminsa bai sani ba. Ki gwada shi da kanki: ya rufe ido, ki taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin kowace ƙafa da ɗan yatsanki, a hankali, ba dannawa. In cikin shidan nan bai ji biyu ba, jin ƙafarsa ya ragu, a gaya wa likita, kuma maganar doguwar tafiya ta ƙare daga nan. Abin da ya fi yi wa irin waɗannan alhazai illa shi ne ɓatan takalmi. Mutum ya cire a ƙofar Harami, ya fito ta wata ƙofar, ya ce bari ya lallaɓa masauki haka. Farin dutsen filin ɗawafi ba ya zafi, amma kwaltar waje tana gasa tafin ƙafa cikin 'yan mintuna, kuma ƙunar mai suga kan ɗauki watanni ba ta warke ba, wani lokaci har a rasa yatsa. Ki ɗinka musu 'yar jakar takalmi mai igiya da za su rataya su shiga da ita. In duk da haka takalmi ya ɓata, ya zauna a inuwa a sayo masa wani.

Silifa na soso bai dace ba. Yana zamewa a jiƙaƙƙen wuri, hancinsa kan tsinke in an taka shi ta baya, kuma yana cin tsakanin yatsu. A saya masa sandal mai kaurin ƙasa da laushin ciki, mai maɗauri, wanda ya bar idon sawu a buɗe, a nuna wa malamin bita ya tabbatar ya dace da harami. A je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin faɗin babban yatsan hannu a gaba. A sayi biyu iri ɗaya, ya riƙa musanya su a duk horon. Sabon takalmin da aka ɓoye a jaka sai ranar Mina shi ke kawo bororo. Inna ta fi shi sauƙi, mace tana iya sa safa da kambas a cikin harami, sai a nema mata mara nauyi da safa mai laushi guda uku ko huɗu. Faso da kaushi a fara maganinsu yanzu da man kaɗanya ko basilin kowane dare, ban da tsakanin yatsu, kuma ban da reza. A yanke farce a miƙe kwanaki kaɗan kafin a ɗauki harami. A can kuma kowane dare Inna ta duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitilar waya. Bororo ba a fasa shi. A wanke, a rufe da filasta, a je asibitin alhazai.

Akwai abin da maza ba sa faɗa wa 'ya'yansu mata, sai ki sa ƙaninki ya gaya masa. Mai harami ba ya sa wando, cinyoyi na gugar juna cikin gumi har fata ta saɓule, mutum ya kasa taku. Basilin mara turare a shafa kafin a fita, a sake bayan wanka. Na biyu, dattawa masu yawan fitsari kan rage shan ruwa don tsoron layin bayan gida a Mina da Arfa. Wannan dabara ta kwantar da mutane da yawa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai jiki ya riga ya bushe. In yana tafiya cikin zafi, kofi ɗaya duk minti 20, yana kurɓa a hankali. Fitsari in ya yi duhu ko ya ƙaranta, ruwa bai isa ba. Su tafi da ƙunshin ruwan gishiri da sukari na kemis don ranar gumi mai yawa ko gudawa, a dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jiki, amma tunda Baba na da suga da hawan jini, likita ya faɗa masa iyakar da zai sha.

Su biyun su san alamomi biyu. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam da ruɗewa, faɗuwar suga ce. In na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70, ko ba na'ura a kusa, ya ci dabino uku ko ya sha rabin kofin lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. In kuwa jiki ya yi zafi rau, mutum yana sambatu ko tangaɗi, bugun zafin rana ne, kuma yana kisa da sauri. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ana yi masa fifita, a kira ma'aikatan agaji ko lambar 911. Laima fara da 'yar kwalbar fesa ruwa su zama a jakarsu kullum.

Don gwiwar, sanda mai roba a gindi, tsayinta daidai wuyan hannunsa in ya tsaya, ya riƙe ta a hannun hagu tunda ta dama ce ke ciwo. Maganin ciwo ya tsaya a parasitamol. Diclofenac da ibuprofen da mutanenmu ke sha kamar gyaɗa suna lalata ƙoda in jiki ya bushe, balle ga mai suga da hawan jini. Tramadol da goro kada su kusanci jakarsu, haramtattu ne a shiga da su Saudiyya. Magungunansa na kullum a tanadi na mako bakwai ko takwas a cikin kwalayensu, da takardar likita, a raba gida biyu, rabi a jakar hannu.

In sun sauka, wani kuskuren shi ne ƙarar da ƙarfi kafin ranar aiki. Ɗoki kan sa maniyyaci ya riƙa zuwa Harami sau biyar daga masauki mai nisa, yana maimaita Umara daga Tan'im, yana zaga kasuwa neman tsaraba, sai ranar 8 ga wata ta same shi da mura da kumburarriyar ƙafa. Kwana uku ko huɗu kafin fita Mina su yi salla a masallacin unguwa, su yi barci, su ci abinci. Jakar Mina kada ta wuce kilo 3 ko 4. Jifa a bi lokacin da aka tsara wa tantinsu, ba tsakar rana ba, a bi hanyar da jama'a ke bi ba a juyowa a tsakiya. Turmutsitsin Mina na 2015, da ya ci alhazan Nijeriya da Nijar masu yawa, ya faru ne inda ayari biyu suka yi karo. Shari'a ta yi wa masu rauni sauƙi: an yarda su bar Muzdalifa da dare, mai uzuri ya yi ɗawafi da sa'ayi a keke, wanda ya kasa ya wakilta a jifa, ko da yake malaman Malikiyya suna ɗora masa hadaya. A tambayi malamin bita waɗannan tun a gida, a kuma ware kuɗin turin keke daga cikin guzuri don kada Inna ta ƙi hawa saboda tsada.

Ki nemi wani matashi mai hankali daga ƙaramar hukumarku da zai tashi jirgi ɗaya da su, ku je har gida ku ba shi amanarsu, domin a Mina tantin maza daban yake da na mata, Inna ba za ta ga Baba kowane lokaci ba. A rubuta kati da Turanci da Larabci mai ɗauke da sunansa, ciwonsa, magungunansa da lambar wayar jami'insu, a rataya tare da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da Saudiyya ke bayarwa. In kin kira waya kada ki tsaya a “yaya jiki”, don “lafiya lau” zai ce. Ki tambaye shi nawa suga ya nuna da safe, gora nawa ya sha, sannan ki ce a ba Inna wayar ta gaya miki abin da ta gani a ƙafarsa jiya da dare.